Ƙwai a Baka

Alƙali ya buga hatimi ranar Talata,
ya ce, "Malam Tanimu, an sauke maka."
Na tsaya ina jiran in ji nauyin ya faɗi ƙasa,
ban ji komai ba sai kukan fanka.
Lauya ya miƙo hannu, na ba shi nawa,
hannun kaɗai, don shi ya rage.

Na fito bakin titi da takarda,
shafi biyu, Turanci zalla.
Shekara huɗu da kaji dubu shida
sun shige ciki, ko gashinsu bai leƙo ba.

A da, Kaduna garin kauce-kauce ne a wurina:
kada in bi ta Panteka, mai kwanon rufi yana nan,
kada in ratsa Bakin Dogo, mai dusa ya san tarina,
in za ni Kawo sai in zaga ta bayan gari
kamar ɓarawon da bai ɗauki komai ba.
Yanzu hanya duk tawa ce,
amma ƙafa ba ta iya karatu ba,
har yau tana karkata
a kwanar da ta saba gudu.

Waya ta yi shiru.
Masu bina sun daina kira,
masu ci da ni ma haka,
kuma na rasa wanne shirun ya fi ƙara.

Mun koma ɗaki biyu a Hayin Banki.
Ku yi dariya, ni ma na yi:
banki ya cinye gidana na Malali,
ya bar ni ina haya cikin sunansa.
Zulai ta jera tukwane uku inda goma suka saba zama,
ta ce wanki ya ragu.
Ban taɓa jin ƙarya mai daɗin wannan ba.

Da asuba nakan ɗauki Keke Napep ɗin ƙanina,
in loda ƙwan Madam Rifkatu daga Maraban Rido,
kiret arba'in, ba ko ɗaya nawa.
A kan gadar kogi ina tafiya a hankali,
na baya suna ta oda, ina ba su haƙuri da hannu.
Wanda ya taɓa jin ƙarar fashewa
ba a koya masa taka birki.

Takardar tana ƙarƙashin katifa.
Kusa da ita akwai wani littafi, ɗan makaranta,
mai layi ja, wanda kotu ba ta gani ba.
Bankin ban rubuta shi ba, ya ɗauki rabonsa.
Amma Baba Ilu mai dusa, dubu tamanin da uku,
Lantana mai abincin leburori, dubu goma sha ɗaya,
yaron da ya yi mini gadi wata biyu.
Na sha tsayawa sahun jana'iza,
na ji ana cewa, "Akwai mai binsa?"
A wannan wurin ba a ɗaga hatimin alƙali.

Jiya na ratsa Bakin Dogo da ƙafata,
na ajiye dubu biyu a kan buhun Baba Ilu.
Ya dube su, ya dube ni,
ya ce, "An ce mini doka ta wanke ka."
Na ce ta wanke riga.
Ya lasa yatsa, ya ƙirga, ko da yake biyu ne kawai,
ya matsa gefe a benci, ya ce, "Zauna, ka rame."

Da yamma Madam takan ba ni masu tsagu,
waɗanda ba sa sayuwa, yau guda biyar.
Zulai ta soya da albasa,
Hashimu ya ce, "Baba, yaushe kajinmu za su dawo?"
Na ce ci, kafin ya huce.